Ƙafafun da Ba Su Motsa Ba

Zuwa ga yayar su Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kalaba lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a duk inda aka tura ki bautar ƙasar nan. Na cusa ta ne cikin shuɗiyar atamfarki, ƙarƙashin robar dambun nama, don na san ba za ki taɓa wajen ba sai kin yi nisa da Minna. Da gangan na yi haka. Ba zan iya zama ina kallonki kina karanta ta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana biyu ce a bakina. Ɗaya kin san ta, wato rasuwar Mama Saratu. Ɗayar kuwa ko babanki ban gaya wa ba tukuna: wani kamfanin ɗab'i a Zariya ya karɓi littafin labaran yaran da na rubuta, sun ce zai fito bayan babbar Sallah. Na san za ki ce abin murna ne, kuma na yi murnar. Amma tun da aka kira ni nake jin wani nauyi a ƙirji, kuma na gane ba zai sauka ba sai na gaya miki abin da ke tsakanin maganganun nan biyu.

Bari in fara da abin da kika tashi kika tarar. Ke ce 'yar farina, kuma ni 'yar gidan da ake tsananta kunyar ɗan fari ce. Kakarki ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba har ta koma ga Allah, haka na gani, haka na ɗauka. Ban goya ki a gaban mutane ba sai dole. In kin faɗi kina kuka, sai in ce wa wata ta ɗaga ki. In zan kira ki sai in ce "ke", da ƙannenki suka zo kika zama "yayarku". Matan unguwa a Tunga suna yaba mini, suna cewa Maman Bilkisu akwai kunya, ni kuma ina jin daɗi, har da ƙara ɗaure fuska. Al'adar ba ta ce in hana ki cinyata a cikin ɗaki inda babu mai gani ba. Ni na ƙara wannan da kaina, domin ya fi mini sauƙi. Idan Allah ya ba ki haihuwa, ki yi kunyarki a gaban surukai iya yadda ya dace, ba na hana ki. Amma in kun shiga ɗaki ki ɗauki ɗanki, ki kira sunansa ya ji daga bakinki.

Maƙwabciyarmu Maman Gires ce ta fara kai ki gidan Mama Saratu a unguwar Ketaren Gwari tare da 'ya'yanta. Kina aji biyu ko uku a firamare. Kika dawo da yamma kina ta zuba, wai kin ga matar da ta rubuta littafin akuyar nan da ta shiga jirgin ƙasa ba tikiti, wai mutum ce kamar kowa, har da gilashi mai igiya. Kin haddace littafin nan tun daga bango har bango. Ni ma na san shi, na san sauran ma, domin a ɓoye nake karanta su in kun tafi makaranta. Mama Saratu 'yar ƙabilar Gbagyi ce, tsohuwar shugabar makarantar firamare, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya yi wa yaro magana a takarda kamarta ba. Hausarta ba ta da kwalliya. Ɗan Nufawa da ɗan Kudancin Kaduna da ɗan Bahaushe duk su karanta su yi dariya a wuri ɗaya.

Kin fi ni sanin yadda take aiki, amma bari in faɗa yadda na gan shi. Duk ranar Asabar bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron gidanta, yaran unguwa su taru. Dokarta ɗaya ce: kowa ya cire takalmi ya miƙe ƙafa. Sai ta ɗauko sabon labarin da ba a buga ba ta fara karantawa, ta riƙe takardar ƙasa-ƙasa, idonta na kan ƙafafun yaran. Duk inda 'yan yatsu suka fara motsi, ko wani ya fara sosa dunduniya, sai ta ja layi da fensir. Washegari ta cire wajen. Takan ce yaro zai iya yi maka kara da baki, ya ce labari ya yi daɗi don kada ranka ya ɓaci, amma ƙafarsa ba ta san kara ba.

A lokacin ni ma ina rubutu. Ina aikin buga takardu a sakatariya, in aiki ya yi sauƙi sai in buga nawa labaran, in ɓoye a ƙasan fayil. A ganina na fi Mama Saratu Hausa, tunda iyayena Kanawa ne, kuma ina da Difloma. Wata rana na shirya na kai mata guda ɗaya, wanda nake ganin babu kamarsa. Ta karɓe ni da fara'a, ta kawo mini kunun zaƙi, amma ko buɗe takardar ba ta yi ba.

Ta ce, "Kin karanta wa 'yarki?"

Na ce, "Haba Mama, ai 'yar fari ce."

Ta kalle ni ta saman gilashi ta ce, "To, 'yar fari ba ta da kunne ne?" Sannan ta miƙo mini takardar. "Ba ni za ki karanta wa ba, 'yata. Ni na tsufa da zama alƙali. Ki zo ranar Asabar, masu hukuncin suna nan."

Na je. Na ɗaura sabuwar atamfa, na hau kujerarta, yara sun cika tabarmi, ke ma kina cikinsu. Ban kalli inda kike ba ko sau ɗaya, domin ba a kallon ɗan fari a cikin taro. Labarin na wata yarinya ne da ba ta jin maganar iyaye, kuma tun daga shafin farko na fara wa'azi. Kafin in kai rabi, wallahi ƙafafun nan sun fara rawa. Wani yana murza babban yatsa a tabarma, wata tana ƙirga yatsunta, wasu biyu suna shurin juna. Da na kai inda na rubuta "darasin da ke cikin wannan labari", wani ƙaramin yaro ya miƙe tsaye ya ce, "Mama, fitsari." Rabin tabarmar suka bi shi.

Mama Saratu ba ta yi dariya ba. Ta jira yaran suka watse, ta zauna kusa da ni ta ce, "Kina da hannu, 'yata. Inda yarinyar ta ɓuya a bayan tanki, babu wanda ya motsa. Amma ba ki yarda da yara ba. Kina tsoron ba za su gane ba sai kin tsaya a kansu da bulala. Ki cire wa'azin ki dawo mako mai zuwa." Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, na miƙe na ce magariba ta yi, na ja hannunki muka fita.

Kin tuna dawowarmu? A kan acaɓa muke, kina tsakanina da mai mashin. Wajen kasuwa kika juyo da kanki da ƙyar kika ce, "Umma, labarinki ya yi daɗi." Na ce, "Rufe mini baki." Muna isa gida na ce wa babanki ba za ki sake zuwa Ketaren Gwari ba, wai hanya ta yi nisa kuma kina rasa Islamiyya. Ƙarya nake yi, babu Islamiyya ranar Asabar da yamma a lokacin. Abin da ya dame ni shi ne kin ga an kunyata ni, kuma ba na son ki ci gaba da zama a gaban matar da na ji kunya a gidanta. Ba ki yi gardama ba. Ranar Asabar ta gaba na gan ki kin zauna a bakin ƙofa kin cire takalmi, kina kallon su Gires suna tafiya.

Wannan shi ne mafi munin abin da na yi miki, kuma ban taɓa ba ki haƙuri ba. Inda za ki, za a gyara miki aiki, wani lokaci a gaban mutane, wani lokaci ma wanda kike ganin kin fi shi ne zai gyara. Zai yi zafi. Ki bar zafin ya kwana kafin ki yanke hukunci. Kuma duk abin da za ki yi, kada ki huce a kan wanda ya tsaya kusa da ke don kawai shi ne ya gani. Mai tsayawa kusa a irin wannan rana yawanci mai ƙaunarki ne, ni kuwa shi na fara duka.

Na daina rubutu shekaru da yawa. Da na koma, kin riga kin shiga jami'a a Bosso, kina fita da safe a keke napep ki dawo da yamma a gajiye. Kin san abin da na yi? Hanyar Mama Saratu na ɗauka kaf, ba tare da na gaya wa kowa ta wace ce ba. Na riƙa tara yaran gidan haya na kusa da mu a tsakar gida, in ce su cire takalmi, in karanta, in ja layi. Na cire wa'azin, ƙafafu suka fara tsayawa. Ashe gaskiya ta gaya mini tun ranar farko.

Sau da yawa kina shigowa ki tarar da mu a haka. Sai ki tsaya a bakin zaure da jakarki a kafaɗa, ki ɗan saurara, sannan ki yi sallama a hankali ki wuce ɗaki. Ina ganinki ta gefen ido. Ban taɓa cewa ki zo ki zauna ba. Nakan ce wa kaina kin girma, me 'yar jami'a za ta yi da labarin ƙadangare? Gaskiyar ita ce ina tsoron ki zauna ki tuna. 'Ya'yan mutane sun ji muryata tana ba da labari har sun gaji, ke da na haifa sau ɗaya kika ji, shi ma na ce ki rufe baki. In kin ga kina yi wa bare alherin da ba ki iya yi wa na gida ba, ki tsaya ki tambayi kanki me kike gudu.

Shekarun nan duka ban koma wajen Mama Saratu ba. Tunga zuwa Ketaren Gwari, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Na sha hango ta a kasuwa in canza layi. Na yi wa kaina alkawari ba zan je ba sai da bugaggen littafi a hannuna, in ajiye mata a cinya. Nakan ce don in faranta mata ne, amma har da son in nuna mata cewa na iya. Bara Maman Gires ta ce mini jikin Mama ya yi tsanani, ta daina fitowa gindin mangwaro. Na ce zan je. Sai na ce bari dai in ji daga Zariya tukuna. Amsar Zariya ta zo, amma ta tarar an riga an yi jana'izarta.

Ranar da labarin rasuwar ya iso, kin shiga ɗaki kin rufe ƙofa. Na ji kukanki. Na zo har bakin ƙofar na ɗaga hannu, sai na juya na tafi kicin na hau wanke tukunyar da ba ta da datti. Kada ki jira sai kin riƙe wani abu a hannu kafin ki je wajen mutum. Ki je hannu biyu, ki gaishe shi, ki zauna. Abin da nake son kai mata ba ta taɓa tambayata shi ba, cewa kawai ta yi in dawo mako mai zuwa.

Na je gaisuwa ni kaɗai, ban gaya miki ba. An kafa rumfuna har bakin titi, matan zumunta na cocinsu suna waƙa, ga manyan mutane da rawani da masu kwat, kowa yana cewa a gindin mangwaron nan ya fara son karatu. Na samu babbar 'yarta, Rifkatu, na yi mata ta'aziyya, na ce ba lallai ta san ni ba, na taɓa zuwa sau ɗaya na karanta labari. Ta riƙe hannuna tana kallona.

Ta ce, "Ke ce maman yarinyar da ta riƙe ƙafarta?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Mama ta sha ba mu labarin nan. Ta ce ranar da kika karanta, duk ƙafafun da ke kan tabarma sun motsa, ban da na yarinya ɗaya. Ta sa hannu biyu ta damƙe yatsunta tun daga farko har ƙarshe, har jikinta yana rawa, don kada uwarta ta ga sun motsa. Mama ta ce tunda take ba ta taɓa ganin yaron da ya yi wa ƙafarsa dole ba sai ita. Ta so ta gaya miki a ranar, kika ce magariba ta yi. Har kwanan nan takan tambaya, ko yarinyar nan tana ina yanzu?"

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na wuce masu keke suna ta kirana, na taka da ƙafa har Tunga. Ke kin san dokar gindin mangwaro, kin san abin da motsin ƙafa yake nufi, kin kuma ga labarin nawa yana mutuwa a gaban kowa. Kina 'yar mitsitsiya kika yi abin da za ki iya don ki rufa mini asiri. Ni kuwa ina kan kujera na kawar da kai, ina taƙama da kunya. Da na kalle ki sau ɗaya da na gani. Na yi nadamar abubuwa da yawa a rayuwata, amma babu wanda yake ci na kamar wannan.

Da na dawo na tarar da ke kina yanka alayyafo a tsakar gida, kika ce, "Umma, sannu da zuwa." Na ce, "Yawwa." Kin ga halin nawa. Ko a ranar bakina bai buɗe ba, shi ya sa nake rubutawa.

Makon da ya wuce editan kamfanin ya kira ni, wani saurayi mai yawan raha. Ya ce saura shafin sadaukarwa, wa za a sa? Na ce Mama Saratu, ya rubuta. Na ce da kuma yayar su Bilkisu. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ba za mu buga haka ba. Ba ta da suna ne?" Na ce ya ɗan jira ni. Sannan na shiga ɗaki na rufe ƙofa na faɗa masa. Rabon da sunan nan ya fito daga bakina na manta. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne, wani baƙo a Zariya ya ji shi daga bakina, ke mai sunan ba ki taɓa ji ba.

Na san takardar nan ta cika da wa'azi, kuma da Mama Saratu na nan da ta ja layi a wurare da yawa. Wataƙila ƙafafunki sun daɗe da fara motsi. Ki yi haƙuri, tsohon hali ne. Ki riƙe sallarki, ki kula da abin da kike ci, ki gaida maƙwabtanki ko wane addini suke yi. In makaranta aka tura ki koyarwa, kin san inda za ki riƙa kallo.

Na ji kina ce wa Bilkisu in kin samu aiki a can ba lallai ki dawo Minna ba. Ba zan hana ki ba, ba ni da bakin hanawa. Abin da ba na so shi ne ki zauna a wata ƙasa kina ɗauka uwarki ba ta taɓa ganinki ba. Na makara, amma na gani. Ki yafe mini abin da na ce miki a kan acaɓa, ki yafe mini Asabar ɗin da na ƙwace miki.

Alfarma ɗaya nake nema. Labarin farko a littafin shi ne na yarinyar nan da ta ɓuya a bayan tanki, na cire wa'azin, na bar ta da tankinta. Yaran maƙwabta duk sun ji shi, amma editan ya ce akwai sauran lokacin gyara kafin a kai injin buga littafi, kuma ni ba zan ce a buga ba sai kin ji. Ranar Asabar bayan la'asar zan kira ki. In kin ga dama ki ɗauka. Ki cire takalmi, ki miƙe ƙafa, zan karanta miki daga farko. Ba zan ga ƙafafunki daga nan ba, don haka ke za ki gaya mini. Wannan karon kada ki riƙe su. In sun motsa ki faɗa, fensir yana hannuna, kuma ba zan ce ki rufe baki ba.

Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki a ruwa da tudu, ya ba ki lafiya da abokan zama nagari, ya dawo mana da ke cikin aminci ko da ziyara ce.

Allah ya yi miki albarka, Maimuna.

Ummanki,
Tunga, Minna